Takalmin da Ya Ƙi Nutsewa

Da hannunsa Mai Dabara ya jefa takalmin a kogi. Ya tsaya a kan gada sai da ya ga ruwa ya haɗiye shi, sannan ya koma mota ya ce wa direba su tafi.

Takalmin lebura ne, ƙafa ɗaya, bakinsa duk ya babbake. Mai shi yana cikin ma'aikatan da suka ƙone a gobarar masana'antar roba, ranar da aka kulle musu ƙofa ta waje wai kada su saci kaya. Mai Dabara, wanda ke tsara wa Ɗan Takara duk abin da zai faɗa da inda zai tsaya, shi ya kawo takalmin ofishin kamfe a jakar leda, ba wanda ya tambaye shi inda ya samo. Shi ya koya wa Ɗan Takara ya ɗaga shi sama a gaban taro, ya yi shiru, sannan ya rantse cewa in ya zama shugaban ƙasa sai masu masana'antar sun gurfana gaban alƙali. Wallahi takalmin nan ne ya ci zaɓen fid da gwani, ba Ɗan Takara ba. Manyan wakilai da furfurarsu aka ga suna sharar hawaye da bakin riga.

To, an fid da gwani, saura babban zaɓe. Shi kuwa Mai Dabara karatunsa ɗaya ne, ya sha faɗa: 'yan jam'iyya so suke a taya su fushi, sauran jama'a kuwa so suke a kwantar musu da hankali. Mai shago da malamin makaranta ba sa son jin batun ɗaure masu kuɗi, tsoronsu kada masana'antu su rufe. Sai aka daina maganar hukunci aka koma maganar sulhu, aka sake fosta da hoto mai murmushi, takalmi kuma ya tafi kogi.

Wata rana Mai Dabara ya dawo ofis daga gidan rediyo, ya tarar da kwandon abincin da Inna, mahaifiyarsa, ke kawo masa kullum a inda ta saba ajiyewa. A kan teburinsa kuma ga takalmin.

A bushe yake ƙamas, ba laka, ba ɗigon ruwa. Ko kallon kirki bai yi masa ba, dama bai taɓa iya kallonsa ba. Ya lulluɓe shi da jarida ya tura saman kabad, can ciki, kamar yadda tun yana yaro yake yi da abin da ba ya son gani.

Sakatariya ta rantse ba ita ta kawo shi ba, direba ma ya rantse. Masu gadi suka ce ba baƙon da ya shigo, sai 'yan gida.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Warin ƙonanniyar roba ya riƙa bin sa, a mota, a banɗaki, har a kofin shayinsa. Inna ta same shi a ofis ta ƙare masa kallo.

"Auta, ka rame."

"Aiki ne, Inna."

Ta daɗe tana kallon sabuwar fostar da ke bango. Sannan ta ɗauki kwandonta ta fita.

Ranar da masu masana'antu suka zo ofishin don su bayyana goyon bayansu, Ɗan Takara da kansa ya buɗe musu ɗakin taro yana fara'a. Takalmin na tsakiyar tebur, tsakanin robobin ruwa. Ba wanda ya zauna. Babbansu ya gyara hula, suka juya ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ka ce min ka jefar da shi ba?" Ɗan Takara ya daka wa Mai Dabara tsawa.

"Na jefar, ranka ya daɗe."

"To ko ka kawo min mai yi mana wannan aika-aika kafin ranar muhawara, ko ka tattara naka ya naka!"

Tsoro ya kama Mai Dabara, ba na kora kaɗai ba. Ya yarda cewa abin da ke bin sa ba mutum ba ne. Da yamma ya kai takalmin bayan ofis, ya kawo kananzir da ashana. Tunda ruwa ya ƙi riƙe shi, bari wuta ta ƙarasa aikinta.

Ya durƙusa, ya ɗaga shi zai zuba kananzir, a karon farko ya dube shi sosai. Wanda ya jefa a kogi na dama ne, ya tabbata, don shi ya riƙa nuna wa Ɗan Takara hannun da zai riƙe shi. Wannan na hagu ne.

Ya ji takun silifas a bayansa. Inna ce, da kwandon nan nata wanda masu gadi ba su taɓa buɗewa ba. Ta sunkuya ta karɓe takalmin daga hannunsa, ta goge shi da gefen mayafinta.

"Na daman nan, aro na ba ka, ka ce min za a kai su gaban alƙali," in ji ta. "Ka manta ne, Auta? Yayanka ƙafa biyu gare shi."