Sirrin Shayin Shuka

Mashkura ta kwance jakar ganyen, ta tarar gara ta cinye shi tas.

A waje kuwa gindin tsamiya ya cika maƙil. A Tungar Gwanja, can bakin iyakar Benin, ba mai jefa iri a ƙasa sai Sarkin Noma da Arɗon Fulani sun sha shayin shuka a ƙwarya ɗaya. Shekara arba'in surukarta Inna Kubura ke dafa shi da wani ganye da ba wanda ya san sunansa, kuma damina ba ta taɓa zuwa da rikici ba. Bana ciwon ƙafa ya kwantar da tsohuwar. Ga shi tun safe mutanen biyu ko gaisawa ba su yi ba, saboda shanun Arɗo sun ratsa fadamar Sarkin Noma.

Mashkura ta faɗa ɗakin tsohuwar. "Inna, ganyen ya lalace. A wane daji kike samo shi?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Wane daji, ɗiyata? Ganyen shayin kasuwar Lolo ne. Karɓo wani wurin Sadisu mai shayi."

"To ina sirrin?"

"Ki rage wuta. Duk wanda ya aiko, ki ce bai dahu ba. Maza biyu ba su iya wuni kan tabarma ɗaya ba magana. In kin jiyo dariyarsu, ki sauke."

Ranar, sai bayan la'asar shayin ya dahu.