Ƙyandar da Aka Soke

Tun da aka kafa dokar horon safe, akwatin maganin asibitin sha-ka-tafi na Garin Marke ba ya buɗewa sai ma'aikaciyar asibitin, Malama Asabe, ta saurari darasin ranar daga na'urar da ke bango. Ko ya buɗe, maganin cutar da darasin ya yarda tana nan kaɗai yake saki. A watan jiya muryar na'urar ta sanar, cikin fara'a, cewa an gama da ƙyanda a faɗin jihar.

Da hantsi Kubura, matar mai faci, ta shigo da ɗanta goye. Asabe ta ɗaga rigar yaron. Ƙuraje sun feso, ido jajir, numfashi da ƙyar.

Ta matsa kusa da na'urar ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙyanda ce."

"Babu wannan cuta," in ji muryar. "Duk ma'aikacin da ya maimaita kuskure za a mayar da shi horo."

Asabe ta san mutum biyu da aka mayar. Sun dawo suna ta murmushi, ko sunan cutar ba sa tunawa.

"Malama, me ke damunsa?" Kubura ta tambaya.

Asabe ta dubi na'urar. "Zazzaɓi ne," ta faɗa da ƙarfi don bango ya ji. Nan take akwatin ya buɗe.

Da ta raka ta bakin ƙofa, sai ta raɗa mata, "Don Allah ki raba shi da ƙanwarsa."

Kubura ta gyara goyonta, idonta ya ciko.

"Ai shekaranjiya muka binne ta, Malama. Ita ma zazzaɓi kika ce."