Tabon Gindin Goriba

Zaharaddin ya jiƙa takardar, ya ja shuɗin sama daga wannan gefe zuwa wancan da hannunsa na hagu, bai tsaya ba. Fentin ruwa na zane ba ya jiran kowa, balle a Agadas inda iska ke lashe danshi kafin ƙiftawar ido. Zama ɗaya ake yi masa, abin da ya hau takarda kuma ya hau ke nan.

Firdausi, yarinyar da yake nema, tana zaune gefensa a bakin busasshiyar ƙoramar bayan gari. Wannan zanen za ta kai wa babanta Alhaji ranar da za ta fara ambata masa sunan Zaharaddin. Shi ya sa gogan ya sha farar shadda sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure. Dama shi akwai son a gan shi fes. Ko da ta taɓa tambayar gidansu, sai ya ɗauko mata labarin karatunsa a Yamai.

Ya sa duwatsun Abzin can nesa, ya sa goriba. Sai ga ƙarar taya, ƙii, ƙii, wani tsoho ya ɓullo a ƙetaren ƙorama yana tura kurar ruwa. Kafin Zaharaddin ya ankara, hannunsa ya riga ya zana shi a gindin goribar, har da ɗan ranƙwafawar kafaɗarsa.

Maza ya tsoma burushin zanensa a gwangwanin ruwa, ya hau wanke wurin.

"Haba, bar shi mana," in ji Firdausi. "Shi ya yi wa zanen kyau."

"Fili nake zanawa, ba mutane ba."

Garin gaggawa gwiwar hannunsa ta ture gwangwanin, yashi ya shanye ruwan tas. Gorarsu ba ko ɗigo, zane kuwa ko rabi bai kai ba.

Firdausi ta miƙe. "Ga-ruwa!"

"Ƙyale shi," ya ce murya ƙasa-ƙasa. "Ruwansu ba shi da tsabta."

Ina, ta riga ta yafito shi.

Tsohon ya iso jiƙe da gumi, takalmin robarsa ɗaure da waya. Da fara'a ya taho, har ya buɗe baki. Sai ya dubi shaddar, ya dubi yarinyar, ya dubi kan da aka sunkuyar kamar za a tura shi cikin takarda. Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ya ɗauraye gwangwanin, ya zuba ruwa iya rabi, ya ajiye shi nesa da gwiwar mai zane, ya tokare da dutse.

"Lah, Baba, kai ma bahago ne," in ji Firdausi tana dariya. Ta miƙa masa kuɗi.

"Bar shi, 'yata."

"To dubi, ya yi kyau?"

Tsohon ya daɗe yana kallon takardar. Inda aka wanke bai fita ba, ya bar tabo mai duhu, kuma duk mai ido zai gane kafaɗar mutum ce.

"Ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "Wannan duhun na gindin goriba ne kawai. In ya bushe, ba mai lura da shi." Ya kama kurarsa. "Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe."

Ƙii, ƙii, har ƙarar ta ɓace.

Zaharaddin ya ƙarasa zanen da ruwan nan. Ya sa yashi, ya sa inuwa, yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Firdausi tana ta yabo, tana cewa lalle Alhaji zai rataye shi a zaure. Tabon ya bushe, yana nan daram, ya kasa ɗauke ido daga kansa.

Tun da uwarsa ta haife shi, bai taɓa jin mahaifinsa ya ce masa "ranka ya daɗe" ba sai yau.