Yamma Ɗaya Babu Imran

Khaulah ta sake buga ƙaramar ƙwallon, ta sake kauce wa ramin. Gidan kayan tarihi na yaran ya daɗe a rufe saboda korona, shi ya sa aka shirya wasan golf na manya zalla a cikinsa don a tara masa gudummawa. Kujerun wurin duk ƙanana ne, babu mai iya zama. Ƙafafunta sun gaji.

Abdulwahidu, abokin aikin marigayi mijinta a jami'a, ya gyara takunkuminsa. Idanunsa kaɗai take gani, su ma sun ƙi tsayawa a kanta.

"Kin ji yadda wurin ya yi tsit da babu yara?" ya ce. "Na yi waya da Hajiyata. Ta amince da maganar aurenmu."

"Amma?"

"Ba ta son agola a gidan. Ta ce in an buɗe hanyar jirgi, a kai Imran Zariya wurin dangin ubansa."

Ta dubi bangon da yara suka dangwala tafukansu da fenti. Na ɗanta Imran yana can ƙasa, shuɗi, tun ranar da babansa ya kawo su.

"Kai me ka ce mata, Malam?"

Ya shiga juya sandar golf ɗin da ke hannunsa.

Ta miƙa masa tata a hankali. "Yammar nan kaɗai na bar shi wurin maƙwabciya a unguwarmu ta Setapak, ka ga ko ƙwallo ɗaya ban jefa a rami ba. Bari in je, bai ci abinci ba."