Yakuwar Saman Bene

Ranar da ta fita takaba ta hau saman benen gidansu a Madina, ta sauke jallabiyar mijinta da ke rataye a igiyar shanya tun safiyar rasuwarsa.

Kafin Juma'a, yakuwar da ya shuka a bokiti ta koɗe fari fat. Ta yi ta ba ta ruwa, har da na Zamzam. A banza.

'Yarta mai karatun tsirrai ta murza ganye ɗaya. "Ummi, ba ƙishirwa ba ce. Ranar Madina ce ta yi mata yawa. Hasken da take ci shi ya ƙone ta daga ciki. Da can me ke yi mata inuwa?"

Uwar ta ɗaga kai ta dubi igiyar da ke saman bokitin.

Kafin azahar jallabiyar ta koma kan igiya.