Kujerar Gwanin Falsafa

Mushe Issoufou, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, ya jingine kekensa a gindin mangwaro, ya nufi biro, wato ofishin da ma'aikatar ilimi ta ware wa sabon gwanin falsafa, cikinsa fal da tambayoyi.

Shi dai malamin tarihi ne. Falsafa ɗan abin da ya lasa ne a Dakar lokacin karatunsa. Amma da ƙasa ta samu 'yancin kai, Bafaranshen da ke koyar da ita a lisensu, babbar sakandare, ya tattara nasa ya nasa ya tafi, sai darekta ya duba hagu ya duba dama, ya ɗora wa Issoufou ajin ƙarshe. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ga jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso, kuma duk wanda falsafa ta kayar, shi da jami'a sai dai hange. Ɗalibai su tambaye shi mene ne 'yanci, mene ne gaskiya, ya ce a bari sai gobe. Hadizatu, mace tilo a ajin, mai burin zama likita, ta daina ɗaga hannu don kada ta kunyata shi. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Daga unguwarsu Gamkalley ya riƙa sintiri zuwa ma'aikata yana roƙon a kawo wanda zai koya wa malamai. Kullum sai ya zayyana wa babban sakatare abin da suke buƙata dalla-dalla, mutumin yana gyaɗa kai yana yaba yadda ya fahimci matsalar. Rannan sakataren ya ce masa an dace, an samu gwani, kuma ɗan ƙasa ne, zamanin jiran Turawa ya wuce. Ya riƙe hannun Issoufou da hannu biyu, ya yi masa barka, ya ce ya hallara ranar Litinin a biron ƙarshen baranda. Issoufou ya so ya ji sunan gwanin, amma ba a tsare babba da tambaya.

A biron ya tarar da malamai biyu kan benci, Moussa daga Damagaram da Salisu daga Tawa. Su ma, ashe, aka jibga musu falsafa ba shiri. Suka miƙe suka gaishe shi har da rusunawa. Moussa ya ja masa kujerar da ke bayan tebur. Issoufou ya ce a'a, wane shi, ya raɓa a ƙarshen benci. Suka dubi juna, suka ce madalla.

Aka yi zaman jira. Shi idonsa na kan ƙofa, su nasu na kansa. Azahar ta yi, suka tura shi gaba ya ba su salla. Suka dawo, kujera na nan wayam. Ya tuna Hadizatu, ya ji kamar ya yi kuka, don ba shi da abin da zai kai mata gobe sai wata goben.

Da la'asar ta yi sanyi, Moussa ya gyara murya.

"Mushe, a gafarce mu, ba rashin ladabi ba ne. Motarmu gobe za ta tashi, ɗalibanmu na can suna jira. Tun safe muke sauraron ka fara, tunda kai ne gwanin da aka naɗa mana."