Fararen Duwatsun Bariki

Ina 'yar shekara bakwai Inna ta tafi da ni kai madara Barikin Azare, inda Turawa suke zaune can nesa da gari. Da la'asar ce, tsakiyar rani. Muka ratsa wani fili fetal da aka hana kowa gini a cikinsa, wai kada sauron garinmu ya kai musu zazzaɓi. Sai ga jerin duwatsu an shafe su da farar ƙasa. A bayansu ciyawa koriya shar, wani mutum yana ba furanni ruwa, alhali rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, har na ɗauka a can damina take kwana kafin ta zo mana.

Na tuɓe takalmana, na yi sallama sau uku, kamar yadda aka koya mini a ƙofar kowane gida. Ba wanda ya amsa. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka, Inna ta riƙo zanena.

Ta ce, "Tsaya nan, 'yata. Madarar aka ce ta shigo, ba mu ba."

Kukun Bature ya zo ya karɓi ƙwaryar. Na bi ta da kallo tana ratsa furanni har ta ɓace.

Yau a irin wannan unguwa nake zaune. Jiya na jiyo sallamar mai nono a ƙofar gida, sau uku. Kafin in lalubo mayafina, mai gadinmu ya shigo mini da ƙwaryar, shi kaɗai.